Mai Ɗingishi ce ta Yanke Igiyar

Burul tana da littafin aiki, irin wanda ake buga wa mutum hatimi a duk inda ya yi aiki, don ranar da ƙarfi ya ƙare hukuma ta duba ta yanka masa fansho. Nata shafi ɗaya ne kawai ya taɓa ganin tawada: shekarun da ta yi tana tatsar shanu a gonar gwamnati, kafin gonar ta watse. Sauran shafukan fari tas, kamar na matar da ta ƙare rayuwarta a kishingiɗe tana cin tuffa.

Alhali kuwa yara bakwai ne suka bi ta hannunta a cikin shekara goma sha ɗaya. Bayan mijinta Saginbek ya rasu, ɗanta ɗaya tilo ya tafi Rasha neman na kansa, sai ofishin kula da yara na gunduma ya fito da sabon tsari: maimakon a tara marayu a gida guda suna kuka a jere, a raba su ga mata masu ɗaki da haƙuri. Aka kai su Burul horo na mako biyu, inda wata yarinya da ba ta taɓa wanke kashin jariri ba ta koya musu yadda ake ɗaukar jariri. Aka ba su takarda suka sa hannu. Ana ba su ɗan abin da za su saya wa yaro madara da takalmi, da wani ɗan ƙari da ofis ke kira "na gode", don kada bakin wani ya kuskure ya ce albashi.

Ofishin nan yana da kalmomi biyu da yake ajiye wa Burul a aljihun tebur, kowace da ranarta. Shekarar da santsin ƙanƙara ya kwashe ta a bakin rumbun gawayi, da yaro a hannu, ta kare yaron ta ba da gwiwa, ta je neman hutun kwana goma don a yi mata aiki a asibiti. Damira, ma'aikaciyar da ke kula da ƙauyukanmu, ta dafa ƙirji, ta kira ta da eje, wato yaya.

"Haba Burul-eje! Uwa tana hutu? Wace uwa kika taɓa ji ta ɗauki hutu daga 'ya'yanta? In kin kwanta asibiti sai dai mu mayar da shi gidan marayu, kuma ba na ce zai dawo hannunki ba."

Burul ta koma gida ta ɗaure gwiwa da tsumma. Gwiwar ta warke yadda ta ga dama, tun daga ranar take tafiya tana karkata hagu kamar amalanken da ƙafarsa ɗaya ta lotsa.

Bayan wata takwas aka bugo mata waya da hantsi, aka ce ta haɗa kayan yaron nan, an samo kawunsa, mota na hanya. Da ta ce ko kwana biyu a ba ta ya saba da maganar, sai Damirar nan dai, da bakin nan dai, ta jawo ɗaya kalmar.

"Eje, kada ki manta fa, ke ba uwarsa ba ce. Yarjejeniya kika sa wa hannu."

To haka ake yi. Ranar wahala uwa ce, ranar rabuwa 'yar yarjejeniya. Ranar hatimi kuwa ba ta zama ko ɗaya ba.

Akilai ce ta bakwai. An kawo ta tana da wata tara, ƙafafunta na reto kamar dafaffiyar taliya, da takardar likita da ta ce da wuya ta taka ƙasa. Shi ya sa ma aka kawo ta. Akwai mutanen birni da suka yi layi suna jiran a ba su yaro ya zama nasu har abada, da sunansu da komai, amma masu layin nan sun san abin da suke so: lafiyayye, kyakkyawa, in da hali mai kama da maigidan. Wanda aka tsallake, shi ake kai wa su Burul.

Ita kuwa ba ta iya karanta rubutun likita ba, saboda haka bai dame ta ba. Kullum safe da yamma sai ta narka kitsen wutsiyar tunkiya ta murje ƙafafun nan tun daga cinya har yatsu, ta ɗumama gishiri a tsumma ta gasa su, ta tsayar da yarinyar a jikin gwiwarta mai ciwo tana yi mata waƙa. Maƙwabciyarta Ulkan, wadda ba a yanka albasa a unguwa ba ta ji ƙamshi ba, takan leƙo ta katanga ta ce, "Burul, soya ta za ki yi? In ta yi laushi ki aiko mini da cinya."

Wata ashirin ana haka. Ran nan Burul na shanya a tsakar gida, sai ta ji an kama mata siket ta baya. Ta waiga. Akilai ce a tsaye, ta taho tun daga bakin ƙofa da ƙafarta.

Ulkan ta gani, don Ulkan takan gani. Ta ɗaga hannu za ta rangaɗa guɗa.

"Rufe mini bakin nan!" in ji Burul.

"Ke lafiyarki? Yarinya ta taka! Sai a sa ranar yanke mata igiyar ƙafa kamar kowane yaron da ya fara tafiya, a soya fanken borsok, a yanka tunkiya."

"A sa rana, Damira ta ji, ta rubuta a takarda cewa ƙafa ta miƙe. Sai kuma me, Ulkan? Ke da kika fi kowa sanin abin da bai shafe ki ba, gaya mini sai kuma me?"

Ulkan ta sauke hannu. Ba ta taɓa yin shiru da sauri haka ba, ko a wurin jana'iza.

Wata biyar ƙauye guda yana riƙe da sirrin nan, abin da ba mu taɓa yi wa ko cikin shege ba. Akilai na yawo gida gida, tana korar kaji, tana satar kurut, busasshen cukunmu mai gishiri, a inda aka shanya shi. Amma da farar motar ofis ta ɓullo ta kan gada, sai labari ya riga ta isowa. Kafin Damira ta sauko, yarinya na zaune a kan shimfiɗa, an lulluɓe ƙafafunta da bargo, an cusa mata ƙwallon kurut a baki tana tsotsa. Damira ta duba tsaftar ɗaki, ta leƙa tukunya, ta rubuta "babu canji", ta sha shayi ta tafi. Ba ta taɓa ɗaga bargon ba. Ba a koya musu ɗaga bargo a horo ba.

Takalmi ne ya tona asiri. Ranar Damira ta zo da sabon takalmi ja mai tsini, ta tuɓe shi a bakin ƙofa kamar kowa. Burul ta juya tana zuba madara a shayi, Damira ta sunkuya tana neman biro a jaka. Sai suka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ga Akilai ta zura ƙafafu a cikin jan takalmi, tana jan sa a kan daɓen katako, tana tahowa tana washe baki, ta zo ta tsaya a gaban mai takalmin don a yaba.

Damira ta yi ta kallo. Idonta ya kawo ruwa, gaskiya ya kawo, ba za a yi mata ƙarya ba. Sannan ta samo biron.

Washegari Burul ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa biki, ta naɗe littafin aikinta a leda, ta hau motar haya zuwa gunduma.

"Na zo a ba ni ita," ta ce. "Dungurungum. Ta zama tawa, da sunan Saginbek."

Damira ta yi ajiyar zuciya, ta jawo wata takarda. "Eje, abin ba haka yake ba. Mai son a ba shi yaro sai ya nuna yana da aikin yi. Sai ya kawo shaida daga wurin aikinsa."

"To rubuta mini."

"In rubuta me?"

"Shaidar. Ba ku ne wurin aikina ba? Shekara goma sha ɗaya wa nake yi wa? Ga littafin, ga hatimi can a gefen hannunki, ina ganin sa."

"Ai ke ba ma'aikaciyarmu ba ce. Abin da kike yi ba aiki ba ne, eje, ƙauna ce."

"Ƙauna. To rubuta cewa ni uwarta ce, tunda ƙauna ce."

"Ba zan iya ba, ke mai riƙo ce."

"'Yar nan, dube ni da kyau. Kun hana ni ita don ba ni da aiki. Ba ni da aiki don kun ce renon ta ba aiki ba ne. Da na bar ta a kwance tana ruɓewa, da har gobe tawa ce. Wato laifina ɗaya, na yi abin da kuka ce ba aiki ba ne, kuma ya yi kyau."

Damira ta ce ba ita ta tsara ba, daga sama ne. Kullum daga sama ne. Ban san wanda ke zaune a saman nan ba, amma ko wane ne, bai taɓa narka kitse da asuba ba.

Ba a yi wata biyu ba aka samo masu so. Elnura da mijinta, mutanen Bishkek babban birni, shekara goma sha biyu da aure ba haihuwa. Burul ta so ta tsane su, ta shirya tsaf, sai ta tarar matar ba ta tsanuwa: siririya ce, ta durƙusa a gaban yarinyar tana ta kallon ta. Abu ɗaya Burul ta roƙa, kuma ba ofis ta roƙa ba, ta gaji da su. Ta ce wa Elnura, "Ba a fita da yarinya daga gida da igiya a ƙafa. Ku bari a yanke, sannan ku tafi."

Aka soya borsok har ya cika kwando uku, aka yanka tunkiya, ƙauye ya taru. Aka tsayar da Akilai a kan farar shimfiɗa a ƙofar gida, aka ɗaure mata ƙafafu da igiyar ulu, baƙi da fari a murɗe. Matasa suka tafi can bakin gada suka ja layi, don wanda ya riga kowa isowa shi ke karɓar wuƙa ya yanke, yaro ya gaji saurinsa. Kowa ya san yaro tafiyar wanda ya yanke masa yake ɗauka. Shi ya sa ba a ba malalaci, ba a ba mashayi, balle mai ɗingishi.

Ana jiran a ba masu tsere alama, sai Burul ta zaro wuƙa daga aljihun rigarta. Ta taho tana karkata hagu, ta durƙusa a kan gwiwar nan da ba a ba ta hutu ba, ta yanke igiyar ƙat.

Ulkan ta dafe kai. "Wayyo Burul, kin kashe mu! Ke da ƙafar nan?"

"Da wace ƙafar kike so? Da ita na tsayar da ita." Ta juya wajen Damira, wadda ta zo da takardun miƙawa tana tsaye da borsok a hannu. "'Yar nan, kin hana ni naki hatimin. Na buga nawa."

Ta kama hannun yarinyar ta taka da ita taku bakwai, ta miƙa wa Elnura. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da motar ta haye gada sai ta shiga rumbun gawayi ta ja ƙofa, ta daɗe a ciki, mu kuma muka yi kamar muna kwashe kwanuka.

A takardar da ta sa wa hannu babu ziyara, babu waya, babu ko hoto. Damina ta wuce, sanyi ya shigo ya fita. Ran nan wayarta ta yi ƙara, lambar Bishkek. Mai kiran ta ce mata apa, wato mama.

"Burul-apa, ni ce Elnura. Ki yi haƙuri, an ce kada mu kira, amma na rasa yadda zan yi. Akilai lafiyarta ƙalau, tana ci, tana gudu. Sai dai in tana tafiya tana karkata hagu. Mun kai ta wurin likita uku, an ɗauki hoton ƙashi, sun ce babu komai. Mijina ya ce wai igiyar nan ce. Ni ban yarda da irin wannan ba, amma..."

Yarinyar da ta koyi tafiya tana riƙe da siket ɗin mai ɗingishi, ta ina za ta karkata? Wannan ko tunkiya ta sani. Amma Burul ba ta ga dalilin da zai sa ta yi wa likitocin Bishkek aikinsu ba.

"Da me kike murza mata?"

"Da man da aka rubuta mana."

"Man kanti. Shi ya sa. Sai kitsen wutsiya, kuma na tunkiyar da ta ci ciyawar nan, taku ta birni leda take ci. Ki kawo ta da rani ta yi mini wata guda."

"Wata guda zai isa, apa?"

"Bana dai. Irin wannan ba ya gyaruwa a shekara ɗaya. Sai an yi ta maimaitawa."

Ta kashe waya, ta leƙa ta katanga ta ce wa Ulkan ta fara kiwata tunkiyar nan tata mai baƙin kunne. Rani uku ke nan yanzu ana kawo Akilai. Karkatar ba ta ragu ba ko kaɗan, su biyu suke tafiya shago suna jirkicewa gefe guda. Littafin aikin kuwa yana nan a ledarsa, Burul ta sa shi a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa, ta ce gara shi ma ya san mene ne aiki.