Sunan Ɗan Fari a Bakin Tagar Kati

Mun tashi da asuba daga Dugabau, bayan an gama yankan dawa, a makon da aka ɗaura auren autar liman. Mu huɗu ne, duk tsofaffi: mai ciwon gwiwa, mai ciwon ido, mai hawan jini, sai ni da lafiyata ƙalau. Jagora ce ni, don ɗana na fari likita ne a Gwarzo, kuma kwanan nan aka ba shi riƙon asibiti. Na ce musu in dai ina gaba, ko layi ba za su gani ba.

A Kabo muka hau mota. Kuɗin mota ya yi tashin da direban ma ƙasa-ƙasa yake faɗa. Muka sayi rogo da ƙuli, mai gwiwa ta cinye rabi da haƙoranta uku. Hagu da dama karan dawa ne a tsaye, hanya kuwa rami nan, rami can.

Asibiti cike maƙil. Na ratsa mutane har bakin taga. Mai ba da kati ta ce, "Inna, layi daga can baya yake."

Na ce likita nake nema.

"Wanne?"

Ku sani, tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, "wancan" nake cewa. Na ce babban. Ta ce manyan da yawa. Ƙawayena sun zuba mini ido. Sai na buɗe baki na faɗi sunan da ƙarfi, har da ƙarin "ni na haife shi".

Mai ciwon ido ta yi salati, ta rufe baki da mayafi.

Aka kira shi. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sassauta murya. "Inna, dokar nan ni na kafa ta da na dawo daga kwas. An nanata mana cewa shugaba ake fara gwadawa da dokarsa. In na shigar da ku yau, gobe kowace nas da tata uwar za ta zo. Ga mai ciki can, tun safe take zaune."

Ni da na zaci sabuwar allura ya je koyowa! Ashe rabon aiki ake koya musu, da tsaron magani, da hana irina.

Muka koma baya. Ya aiko mana da benci da ruwan sanyi. Sai bayan azahar aka duba su, aka kuma duba su da kyau.

Har muka sauka a Dugabau da magariba ban ɗaga kai ba. Na gane mai riƙon asibiti ɗan kowa ne, ni kuwa na zubar da kunyata a banza. Cikin matan da suka sha kunun sunansa, biyu suka rage a raye. Ɗaya ta kurmance. Ɗayar ita ce mai gwiwa, kuma bakinta bai tsufa ba.