Goshin Ƙofar da Ba a Sassaƙa Ba

A shekarar da talabijin ta fara aiki a Jidda, lokacin da manya ke cika gidajen shayi suna kallon akwati baki buɗe, aka ba Babana aikin ƙofar gidan wani attajiri a tsohon gari. Ni nake ɗebo masa ruwa. Dutsen ginin daga bakin teku ake haƙo shi, fari, mai ƙananan ramuka. Idan na jiƙa shi sai ya yi laushi, ya riƙa warin teku, gizago ya shige shi kamar ɗanyen rogo.

An ba Baba ɓangaren dama, aka ba Ammi Salim, wani dattijo mutumin Hadramaut, ɓangaren hagu. Baba yanka mai zurfi yake yi, manyan layuka masu sarƙe juna irin na ginin Kano da ya koya wurin mahaifinsa, ana hango su tun daga bakin lungu. Ammi Salim ganye da furanni yake fitarwa, sirara, sai ka matso za ka gani. A buta ɗaya suke shan shayi, amma kowa ya raina hannun ɗan'uwansa. "Wannan ai ɗinkin hula ne," in ji Baba da Hausa, yana yi wa mutumin murmushi. Shi kuma Ammi Salim yakan ce mini da Larabci, "Ya walad, tambayi babanka, dutse yake sassaƙa ko itace yake faskarawa?"

A wurin magina, wanda ya sassaƙa goshin ƙofa, wato dutsen da ke samanta, shi ake kiran ƙofar da sunansa, shi kuma masu gidaje ke nema. Baba ya ce furanni ba za su hau kan aikinsa ba. Ammi Salim ya ce gara ya mutu da layukan Baba su hau kan nasa. Dutsen ya zauna a sama fari fat har aikin hajji ya zo ya wuce.

Ranar nan attajiri ya ce halas, ya isa haka. Ya kawo wani ɗan kwangila mai takalmi sau-ciki, wanda bai taɓa riƙe guduma ba, da goshin siminti da aka zuba a mazubi, irin wanda ke kan kowane shago. Da ya ga bai dace da gefunan ba, sai ya sa aka shafe su duka biyu da siminti, aka bi da koren fenti mai ƙyalli kamar kwanon sha. Attajiri ya tsaya yana cewa masha Allah. Mutumin da ke iya gane shinkafa mai kyau da ƙamshi kawai, ido bai ba shi komai ba.

Yanzu idan na bi ta lungun, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoton simintin, wai kayan tarihi. Ba na gyara musu. A ƙarƙashinsa akwai gefen ƙofa biyu, da sana'ar mutum biyu, da gizagon da Baba ya sayar kafin ya tafi gadi a Abhur.