Daga Tremont Zuwa Ɗakin Malama Nina

Tremont

Ana idar da sallar asuba na fito daga gidan 'yata Hadiza a unguwar Tremont ta Amurka, inda na zo hutu daga Kano. Ita ta gano mini cewa Malama Nina, wadda ta koya mana Rashanci a Odesa sa'ad da aka tura mu karatun likita Tarayyar Sobiyet, tana nan da ranta a Brooklyn, wani ɓangare na birnin nan. Sai dai jikarta ta gaya mana a waya cewa tsufa ya taɓa tunaninta.

"Baba, kada ka sa rai da yawa," in ji Hadiza, ta raka ni har bakin jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Flatbush

Hantsi ya fara na sauka wajen Sule, abokina tun sakandare. Shekarar da na tafi Odesa shi Amurka aka kai shi. Duk hutun da muka haɗu sai gardama, ni gurguzu, shi jari-hujja. Kan yaƙin Afganistan har gaisuwa mun taɓa dainawa.

"Kwamared! Ina aljannar ma'aikatan taku?"

"Ta rushe. Kai da ke cikin taku, ga furfura, ga aiki ba hutu."

Muka yi dariya har da tari. Maiɗakinsa ta kawo koko da ƙosai, muka karya, ya ɗauko mota.

Brighton Beach

Muna shiga unguwar su Malama na ga allunan shaguna da rubutun Rashanci, ƙamshin baƙin burodi da kyafaffen kifi ya doki hancina. Nan take na tuno layin sayen madara cikin sanyi, da hular gashin mijinta da Malama ta ɗora mini a hunturuna na farko. Ita da ke karanta mana cewa jari-hujja na gab da mutuwa, yau ga ta a tsakiyarsa.

Muka tarar da ita a kujera bakin taga, tana kallon teku. Ta dube ni kamar baƙo. Na daure na gaishe ta da Rashancina da ya yi tsatsa, na ce na zo daga nesa, amma na faɗe shi yadda mace ke faɗa, don a Rashanci lafazin namiji daban, na mace daban.

Ta ɗaga yatsa. "Garba, sau nawa zan gaya maka? Kai namiji ne."

Jikarta ta toshe baki. Ni kuwa hawaye kawai.

Muka sha shayi. Can ta tambayi inda Sule ya yi karatu, na ce Amurka. Ta waiga hagu da dama, ta jawo hannuna, ta yi ƙasa da murya.

"Yaron kirki ne, amma kada a gan ku tare. Za su kore ka kafin jarrabawa."

Na ce to, Malama, zan kiyaye.

Komawa

A mota na fassara wa Sule. Na zaci zai yi dariya. Amma sai ya ce, "Ashe har yanzu tsoro take ji maka."

Ya sauke ni Tremont ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Hadiza da Sule. Malama kuwa, Allah ya sassauta mata tsufa.