Matar da Take Amsa Gaisuwa da Lamba

A gidanmu ko gobara ce ta kawo ka, sai ka tambayi kwana da gajiya kafin ka ce a kawo ruwa. Da wannan tarbiyyar na shiga Guangzhou sarin jakunkunan mata, kuma saboda ita na kusa rabuwa da matar da ta fi kowa riƙe mini amana a garin.

Wurin ɗinkinta yana Shiling, a hawa na biyu, sama da wani mai sayar da zif. Gajeriya ce, ta girme ni, kullum yatsunta a dame da gam. Laoban nake ce mata, wato mai wuri, kamar yadda kowa yake faɗa. Ba ta taɓa nuna mini fata ta ɗinka mini roba ba. In na zaɓi launin da ta san zai koɗe a zafin ranar Kano, sai ta karɓe shi daga hannuna ta ce "meiyou", babu, alhali ga shi jibge a bayanta.

Matsalarmu a waya take. Kowace safiya daga masaukina a titin Liuhua nakan rubuta mata da ɗan Turancina na kasuwa, wayar ta juya mata zuwa yarensu. Nakan tambayi kwananta, da gajiya, da yara, da ciwon bayan da na ga tana dafewa, sannan in zo kan jaka. Amsarta ba ta wuce "1". In na tura mata hoton shagona cike da kayanta, ta turo "666". In hira ta ƙare, "88". Tun ina dariya har abin ya fara ci mini rai. Layi biyar na gaisuwa, a mayar mini da sanda guda a tsaye, sai ka ce ina bin layin asibiti.

Na kai ƙara wurin wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da take tura mana kaya ta jirgin ruwa. Ta daɗe a garin, tana jin Sinanci. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai yayin 'yan intanet ɗinsu ne: ɗaya na nufin na gani, shida uku yabo ne, takwas biyu sallama, biyar uku kuma kuka. Na ce ko ma mene ne, wanda bai iya amsa gaisuwa ba bai ɗauke ka mutum ba, kuma masu ɗinki ba su ƙare a Shiling ba. Gaskiya zuciya ce ta ɗebe ni, don na riga na saka matar a raina, shi ya sa abin ya yi mini zafi. Na ce Hajiya ta raka ni ta yi mini tafinta, in faɗa wa matar baki da baki cewa na bar ta.

Muka ɗauki mota da hantsi. Mun same ta a kan keken ɗinki tana haɗa hannun jaka. Ta share mana benci, ta zuba mana shayi a ƙananan kofunansu da ba sa kashe ƙishi. Na ce Hajiya ta fara tambayarta dalilin da ba ta taɓa mayar mini da gaisuwa ba.

Kunnuwan matar suka yi ja. Ta tashi ta rufe ƙofar da ke tsakaninmu da masu ɗinki, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa. Fara'ar Hajiya ta ɗauke. Ta ce mini matar ba ta yi nisa a makaranta ba, tun tana yarinya aka kawo ta wurin ɗinki daga ƙauye. Wayar ce take karanta mata saƙona a kunne. Rubutun nasu kuwa tana jin kunyar ta yi shi a ga kuskure, sai 'yarta ta koya mata lambobin nan don kada ta bar mutane ba amsa. Wai wani lokacin takan saurari gaisuwata sau biyu kafin ta kunna keke, domin duk masu sarin da suke zuwa, ba wanda ya taɓa tambayar ciwon bayanta.

Na rasa inda zan sa fuskata. Hajiya ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "To, sai in faɗa mata saƙon da ya kawo mu?"

Na ce ta rufa mini asiri.

Matar ta dube mu, ba ta san me muke cewa ba. Ta ƙara mini shayi, ta juya kofin nata a tafin hannu, ta sake yin wata 'yar magana. Hajiya ta juya mini maganar.

"Ta ce uwarta tana ƙauye, ta tsufa, shekara uku ba ta samu zuwa ba. Wai in ba damuwa, gobe ki tambayi lafiyar uwar ita ma."