Gyaɗar Mama da Makarantar Fim

Lokacin da 'yan bindiga suka ci garuruwan arewacin jiharmu, mutane suka yi ta kwararowa Jimeta, wasu a bayan akori-kura, wasu a ƙasa. Bappana ya buɗe ɗakunan baƙi na gidanmu a Nassarawo. Cikin waɗanda suka sauka akwai wata dattijuwa Kirista da muke kira Mama. Da jikoki biyu ta zo, mijinta kuwa ba ta san inda ya faɗa ba.

Ina 'yar sakandare a lokacin, na gaji tsohuwar wayar Addata, wato yayata, kome na gani sai na ɗauka. Wata la'asar Mama tana tsintar wake, ta fara ba Dada, mahaifiyata, labarin gudunsu. Na kunna waya, ta gan ni, ba ta hana ba. Ta faɗi yadda suka ɓuya a kan dutse, da yadda ta toshe bakin ƙaramin jikanta da tafin hannu. Ta yi kuka, Dada ta taya ta.

Har na gama jami'a a Girei sha'awar fim ba ta sake ni ba. Na nemi wata makarantar koyon shirya fim a Turai. Masu nema daga ko'ina a duniya suke, guraben kuwa ba su taka kara sun karya ba, kuma kowa sai ya tura gajeren fim nasa. Na nuna wa wani malamina hoton Mama. Ya kalla har ƙarshe ya ce, "Wannan za ki tura. Abin da suke son gani daga wajenmu ke nan."

Na dawo gida da murna. Dada ta saurare ni, sannan ta ce, "Hawayen nan naki ne? Je ki tambayi mai su."

Mama ta daɗe da komawa ƙauyen Bako, inda aka ara mata gona. Na same ta tana cirar gyaɗa. Hausarta ba ta raba mace da namiji, "kai" take ce mini tun ina yarinya. Muka zauna a inuwa na miƙa mata wayar. Ba ta kai rabi ba ta ce, "Ka kashe."

Na yi mata bayanin makarantar, da yadda shiga ke da wuya.

"Ranan nan da mamanka nake magana," in ji ta. "Ban yi kuka don mutanen da ban sani ba. In hoto kake so, ga gyaɗa."

Raina ya ɓaci, amma na dawo washegari da kyamarar aro. Na bi ta har aka gama cira. Na ɗauki hannuwanta suna kaɗe ƙasa daga saiwa, da waƙoƙin cocin da take yi ƙasa-ƙasa, da wata Bafillatana makwabciyarta da ke zuwa kullum su yi ta tsokanar juna. Wannan fim ɗin na tura.

Masu makarantar suka kira ni tattaunawa ta kwamfuta. Na zauna a wani shago a Jimeta, janareta na ruri a bayana. Wata malama cikinsu ta ce, "Kin ce matar nan gudun yaƙi ta yi. Me ya sa ba mu ga haka a fim ɗin ba?"

Na ce, "Ita ta ce kada a nuna."

Ta gyaɗa kai ta wuce wata tambayar. Ba su ɗauke ni ba, ba su kuma faɗi dalili ba. Har yau ban sani ba ko malamina ne ke da gaskiya, ko kuwa fim ɗina ne bai kai ba. Na kan yi zargin na biyun, don da na sake kallonsa na ga sautin ya lalace a wurare da dama.

Da na gaya wa Mama, dariya ta yi ta ce, "Ashe gyaɗana bai yi musu ba." Sai ta roƙe ni in kawo fim ɗin cocinsu. Wata Lahadi bayan sujada aka rataya farin zani a bango. Da Bafillatanar ta bayyana tana kushe gyaɗar Mama, mata suka yi ta shewa, har fasto ya ce a maimaita wurin.

Yanzu hotunan biki nake ɗauka a Jimeta, ina kuma koyon gyaran sauti wajen wani mai situdiyo. Bana na sake nema, da fim a kan masu fito da kwalekwale a Binuwai. Amsa ba ta zo ba tukuna.