Langar Mahaifiyata da Nakiyar Inna

Shekarun baya can, lokacin da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, ba ni da aikin yi sai karatun littattafan soyayya. Biyu nake cinyewa a rana, wani lokacin har tuwo ya kama a tukunya ban sani ba. Komai zan yi sai na fara tsara shi a kaina yadda ake tsara shi a littafi. Ko gishiri aka aike ni saye, ina tafe ina jiran wata farar mota ta tsaya a gefena a sauke gilashi a hankali.

Ana saura kwana goma azumi ƙawata ta zo ta ce ƙungiyar matan unguwarmu ta Ƙofar Sauri na neman 'yan mata masu taya rabon kayan azumi. Matan ne ke haɗa abin da ya sawwaƙa duk shekara, a sayo shinkafa da sukari da man gyaɗa a Babbar Kasuwa, a kai gidajen tsofaffi da matan da mazansu suka rasu. Kafin ta rufe baki na ce zan je. Murna kamar in tashi sama! Har na hango kaina cikin farin mayafi, wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana kuka tana sa mini albarka, sai ga ɗanta ya dawo daga karatu a ƙasar waje ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar wace ce wannan.

A tsakar gidan shugabar ƙungiyar aka yi awo. Hajiya muke ce mata, tsohuwar malamar firamare ce, muryarta har yau ta aji ce. Muna ta ɗaure kaya ana ta raha, ita kuma tana bayani.

"Ku shiga kamar kun je gaisuwa. Ku ajiye ledar a bayan ƙofa ko gefen randa, kada ku ce komai a kanta. A baƙar leda za ku kai, kun ji ko? Baƙar leda."

Ta ƙara da wasu maganganu, amma ni lokacin ina can ina zaɓar launin rigar da ɗan tsohuwar zai sa.

Gida ɗaya aka ba ni saboda ni sabuwa ce, na wata dattijuwa a Ƙofar Guga da mijinta ya rasu shekarar da ta wuce, ba ta da kowa a kusa. Na kalli baƙar ledar nan na ji ba ta yi mini ba. Wace jaruma ce ta taɓa shiga gidan mutane da baƙar leda kamar mai tallan gawayi? Sai na biya ta gida. Mahaifiyata ta tafi barka, na buɗe kabad ɗinta na ɗauko babbar langarta mai murfi, mai zanen jajayen furanni, wadda tun kayan ɗakinta take, ba a fito da ita sai an yi manyan baƙi. Na juye shinkafar tiya biyu a ciki, na ɗora ƙullin sukari, na rufe, na naɗe da sabon ɗankwali. Na riƙo kwalbar mai, na tari napep ina ta murmushi ni kaɗai.

Gidan ɗaki ɗaya ne, tsakar gidan a share tas, har da sawun tsintsiya. Dattijuwar na zaune a tabarma tana jan carbi. Na durƙusa na ce, "Inna, ina wuni?" Muka gaisa sosai, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi ɗiyar wa ce ni, na faɗa mata har da kwatancen gidanmu. Sannan na tura langar gabanta da hannu biyu.

Ta kwance ɗankwalin, ta ɗaga murfin, ta mayar. Ta daɗe tana kallon furannin. Ba ta yi kuka ba, ba ta riƙe hannuna ba. Ta ce, "Madalla, ɗiyata. Ki gaishe da mahaifiyarki, ki ce na gani." Na ɗan ƙara zama ko wani zai yi sallama. Akuyar maƙwabta ce kawai ta leƙo.

Duk da haka na koma wurin Hajiya da zumuɗi, na ba ta labari tiryan-tiryan, har da furannin. Ina cikin magana na ga ta ajiye mudun da ke hannunta.

"A langa? Ke, a langa kika kai mata?"

"Eh, Hajiya. Ai ta fi kyau."

"Innalillahi. Ina kunnenki yake lokacin da nake magana? Ke ba 'yar garin nan ba ce? A gidanku in an kawo maku abu a kwano, haka kuke mayar da shi ba komai?"

Sai a lokacin na tuna. Abin da na tashi ina gani ne kullum. Ko ɗanwake maƙwabciya ta aiko mana, mahaifiyata ba ta mayar da kwanon sai ta sa wani abu, ko da goro ne.

"Leda ba a mayar da ita," in ji Hajiya. "Shi ya sa muke kaiwa a leda. Matar nan da mijinta yana raye ita ke ba mutane. Yanzu kin ɗora mata nauyin cika langa guda, kuma ba ta da abin cikawa."

Na miƙe na ce bari in koma in karɓo. Ta ce, "Zauna! Ki je ki ce ta ba ki langa ba komai? Kin ce mata mun san ba ta da ko ƙwayar gero ke nan. Sai dai mu jira."

Da na faɗa wa mahaifiyata, na zaci za ta yi faɗan langarta. Kallona kawai ta yi ta ce, "Littafin naki bai faɗa miki wannan ba?"

Kwana huɗu ban buɗe littafi ba. Ina ta tunanin me Inna za ta sayar, tabarmar ko butar. Rana ta biyar da hantsi muka ji sallama. Ita ce, da ƙafa ta tako tun daga Ƙofar Guga, langar a kanta, naɗe da ɗankwalina an wanke shi an ninke. Mahaifiyata ta tarbe ta kamar wata babbar yaya, ta shimfiɗa mata darduma, ta kawo ruwa, suka yi ta gaisuwa.

Da ta tafi aka buɗe murfin. Ƙamshin citta da kanumfari ya cika ɗakin. Nakiya ce, an mulmula ta an jera, cike da langa har baki. Na tsaya ina kallo, sai na gane. Shinkafa, sukari, mai. Kayan azuminta ne gaba ɗaya. Ta wanke shinkafar, ta shanya, ta soya, ta daka da hannunta, ta dawo mana da ita. Kukan da na tsara tsohuwa za ta yi, ni na yi shi.

Mahaifiyata ta gutsira ta sa a baki. Ta tauna a hankali. Ta ƙara gutsira.

"Kai! Rabona da nakiya irin wannan tun bikina. Ke, share hawayenki ki ɗauko mini buhun can."

Ta auna tiya huɗu ta shinkafa, ta haɗa da sukari da mai da gero. Ta juye nakiyar a wani mazubi, ta wanke langar, ta sa ɗaya daga cikin tiyoyin a ciki.

"Ki ce mata na ce ta ɓata mini baki, ba zan iya azumi ba nakiyarta ba. Ta yi mini ta wannan da ke cikin langa. Sauran na wahalar daka ne, haka ake yi. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya taki."

Wannan karon kunnena a buɗe yake. Na isar da saƙon yadda aka ba ni. Inna ta kalli kayan, ta kalle ni, sai ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta.

"Mi ta sani game da nakiya? Wagga ai ta gaggawa ce na yi. Ki hwaɗa mata ta jira ta ga ta gaske."

Na fito ina tsalle a lungu kamar ƙaramar yarinya, har wani mai faci ya ce, "Lafiya dai, 'yan mata?"

Mahaifiyata ta aika wa Hajiya ɗanɗano, Hajiya ta raba wa matan ƙungiya. Bayan sallah ɗaya daga cikinsu za ta aurar da ɗiya, ta ce nakiyar gara sai ta Inna. Daga nan wata ma ta ce haka. Da azumi ya sake zagayowa, Inna da kanta ta aiko da saƙo a cire gidanta daga rabo, ta haɗo da tiya ɗaya ta gero a sa wa wani. A baƙar leda ta aiko. Hajiya ta ɗaga ledar a gaban kowa ta ce, "Ina mai langa? Zo ki ga yadda ake yi."

Har yau ina cikin ƙungiyar, kuma ni ke yi wa sababbin 'yan mata bayanin leda. In na ga wata ta zuba wa bango ido tana murmushi, nakan taɓa kafaɗarta in maimaita, don na san inda ta tafi. Abin da na koya shi ne kafin in ba mutum abu in duba me zan bar masa a hannu bayan na juya baya. Nakan tuna cewa Allah ne ya rufa mini asiri da uwa mai dabara, da ba haka ba da dattijuwar nan ta shiga azumi da tukunya ba komai saboda ina son furanni.

Masu son tambaya, a'a, Inna ba ta da ɗa a ƙasar waje, na bincika sosai. Amma ranar bikina ita ta yi mini nakiyar gara, ta hana a ba ta ko sisi. A cikin langar nan aka kai ta gidana, kuma da na mayar wa mahaifiyata, ban mayar da ita ba komai ba.