Ranar da Tarakta Ta Taka Masarar Malam Barau

A duk zaman da na yi a wannan kamfani, akwai rana guda da ba ta fita raina ba, ita ce ranar da muka kai ƙaramar tarakta gwaji gonar Malam Barau, a wani ƙauye gaba da Mahuta. Tunda an ce kowane tsohon ma'aikaci ya bar labari ɗaya kafin ya tafi, ni wannan zan bari. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Sunana Larai, amma Inna kowa ke ce mini. Aikina shara da girki a reshenmu na Funtua. Ga wanda bai san tsarin wurin ba, Manaja ne a sama, sai Injiniya, sai makanikai, sai direbobi, sannan mu da maigadi. Kafin in zo birni na yi noma a ƙauyenmu wajen Malumfashi. A gidajenmu mace na noma, tana da gayaunarta, wato 'yar gonarta ta kanta, kuma tana bin shanun huɗa idan maza sun yi ƙaranci. Na bi su shekaru masu yawa.

A lokacin da nake magana babu wanda ya san sunan kamfaninmu. Mutane sun saba da manyan taraktoci, irin waɗanda ake jin kukansu tun daga wani gari. Tamu kuwa ba ta fi bijimi tsayi ba. Idan an fito da ita bakin titi sai 'yan acaɓa su tsaya suna tambaya ko madara take sha. Amma a farkon daminar nan ta yi haro, wato farfasa ƙasa, da huɗa a gonaki kaɗan wajen Dandume, ta shiga tsakanin itatuwan ɗorawa da kaɗanya inda babba ba ta iya juyawa, sai aka fara kallonta da wani ido. Manaja ya ga dama ta samu. Ya ce za a nuna wa manoma abin da babbar tarakta ba ta yi, wato ban ƙasa.

Ban ƙasa shi ne idan masara ta kusa kai gwiwa, an zuba taki, sai garma ta bi kwarin da ke tsakanin kunyoyi, ta ɗebo ƙasa ta jingina wa gindin shuka, ta binne ciyawa da takin gaba ɗaya. Aiki ne mai lokaci. Idan ya wuce ya wuce. A irin kwanakin nan ne ake layin shanu, mai shanu ya zama abin lallashi. Duk abin da zai yi wannan aikin da sauri, manomi zai saurare shi.

Malam Barau ya ba da gonarsa. Dattijo ne mai jama'a, kuma masararsa ta yi kyau a shekarar, kore shar. Aka kafa rumfa a bakin gona, aka jera kujeru, aka gayyato manoma daga Mahuta da Dandume, har da wasu daga Tsiga. Ni aka tafi da ni don in dafa shinkafa. Na kafa murhuna a gindin wata ɗorawa, inda nake hango komai.

Direban ranar Bitrus ne. Magidanci ne mai furfura a gemu, yana da 'ya'ya a makaranta, dattijo ne a cocinsu, ko goro ba ya ci. Ya yi shekaru yana tuƙa manyan taraktoci kafin ya zo wurinmu. Shi ya sa aka zaɓe shi.

Da hantsi Manaja ya gama jawabi, Injiniya ya yi nasa, aka ce Bitrus ya shiga. Ya daidaita tarakta a bakin kwari, ya sauke garma, ya ja. Bai yi taku goma ba na ga ta karkace. Tayar hagu tana cikin kwari, ta dama ta hau kan kunya tana kwantar da masara. Ya karkato sitiyari, ta dama ta sauka, ta hagu ta hau. Haka ya je ƙarshen gona yana kokawa da ita. Da ya juyo, ya sake yin wata ɓarnar. Bayansa layi biyu na masara sun kwanta cikin laka.

Sai surutu ya tashi. Wani ya ce, "Direba, ai ba niƙa muka kawo ba, ba ta ma yi goyo ba." Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce, "Ku dubi idonsa dai. Ko ya biya ta gidan burkutu kafin ya zo?" Wannan maganar ita ta kama. Kafin a jima kowa ita yake maimaitawa, har da waɗanda ba su ga idon ba.

Malam Barau bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya ɗaga wata masara da ta karye, ya duba, ya ajiye. Ya ce wa Manaja, "Alhaji, gona na ba ku aro, ban ce ku girbe mini ba."

Manaja ya nufi tarakta da sauri ya miƙa hannu. "Sauko. Ba ni makulli."

Bitrus ya ce, "Yallaɓai, ba ta zama cikin kwarin. Na yi iya yina."

"Gobe ka same ni a ofis."

A ƙa'idar wurinmu, idan ma'aikaci ya yi laifi ana ba shi takardar neman bayani, ya amsa, sannan a dakatar da shi ko a yi masa gargaɗi. Amma direban da ya ɓata kayan manomi a gaban jama'a, Manaja na da ikon karɓe makullinsa nan take. A zamana ban taɓa ganin wanda aka karɓe wa makulli ya sake hawa ba. Bitrus ya sani. Ya koma gefe ya zauna a kan wani kututture, ya cire hula ya riƙe a hannu.

Manaja ya waiwayo wajena. "Inna, a raba abinci. Mutane su ci, hankali ya kwanta."

Na rufe tukunya na ɗora dutse a kan murfi. Na zaro kara ɗaya daga cikin na hura wuta, na shiga gona. Na aza shi daga tsakiyar wannan kwari zuwa tsakiyar wancan, na karya daidai wurin. Na matsa gaba na sake gwadawa, na je can tsakiyar gona na sake. Duk ɗaya. Sannan na je bayan tarakta na aza karan daga tsakiyar wannan taya zuwa waccan. Bai kai ba. Ya rage kusan tafin hannu biyu.

Na je na tsaya gaban Manaja. Ya ce, "Inna, abinci na ce."

Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Abinci ba ya guduwa. Ka sa Injiniya ya hau ya ja mana layi ɗaya."

"Inna, wannan ba wurin wasa ba ne."

"Ka taɓa ganin na yi wasa?"

Ya dube ni. Ya san halina, don ko shi idan ya shigo da laka ofis sai na mayar da shi ƙofa. Injiniya kuwa, yaro ne mai zafin kai amma ba mugu ba, ya ce shi ma dama yana so ya nuna yadda ake yi. Ya karɓi makulli. Malam Barau ya ce, "Layi ɗaya. Idan ka ƙara mini ɓarna, ku kwashe rumfarku."

Injiniya bai kai rabin layi ba ya taka birki. Ya kwantar da masara fiye da ta Bitrus a wannan ɗan tsakanin. Wani manomi ya ce, "To, shi ma wannan ya sha ke nan?" Na miƙa wa Injiniya karan kafin ya sauko.

Na ce, "Wannan faɗin kunyar gonar ne. Je ka gwada a ƙafafun abarka."

Ya gwada. Ya daɗe a tsugune. Ya ce, "Amma mun gwada ta a filinmu na bayan ofis, ta bi kwari daidai."

Na ce, "Wa ya yi huɗar filin?"

"Ita."

"To ita ta yi wa kanta hanya daidai ƙafarta, me zai hana ta bi? Wannan gonar shanu suka huɗe ta. Sa ɗaya na tafiya a kwari, karkiyar da ke wuyansu ita ke yanke faɗin kunya. Duk gonar da ka gani daga nan har Malumfashi, da ma'aunin karkiya aka yi ta, ba da na littafinku ba."

Malam Barau ya ce, "Wannan gaskiya ne. Baiwar Allah, 'yar ina ce ke?" Na gaya masa. Ya ce, "Shi ya sa."

Injiniya ya gaya wa Manaja cewa tayoyin ana iya juya su. Wilin, wato ƙarfen da taya ke kai, yana da ciki da baya kamar kwano. Idan aka kwance aka juyo shi, tayoyin sai su matso kusa da juna. Yana cikin littafin da ya zo da tarakta, ba wanda ya taɓa bukatarsa. Aka ɗauko jak da sifana daga mota. Injiniya ya kira Bitrus ya kama masa, don makanike ɗaya kawai muka zo da shi. Bitrus ya sa hularsa ya zo.

Aikin ya ci lokaci. Notocin sun kafe, ƙasa na da laushi, jak na nutsewa, sai da aka nemo katako. Na raba abinci a tsakanin nan. Da mutane suka ci, aka yi azahar, fiye da rabi suka hau baburansu suka tafi. Damina ce, kowa na da aiki a gonarsa. Ba wanda zai zauna yana kallon ana kwance taya.

Wajen la'asar aka gama. Injiniya ya sake aza karan, ya zauna daidai. Manaja ya tsaya da makulli a hannu yana duban Injiniya, Injiniya ya girgiza kai. Sai Manaja ya jefa wa Bitrus. Bai ce yi haƙuri ba, a ranar ko bayanta. Ya ce, "A hankali."

Bitrus ya shiga kwari. Tarakta ta bi tamkar an ɗora ta a kan layin dogo, ƙasa na tashi tana kwanciya a gindin masara hagu da dama. Malam Barau ya bi bayanta a ƙafa har ƙarshe, yana tsugunawa yana tona gindin shuka da yatsa. Da ya dawo ya ce a gama masa gonar duka. Kafin rana ta faɗi an gama abin da shanunsa za su kwana biyu suna yi. Layukan da aka taka, ya ce zai sa wake.

Daga wannan ranar Injiniya ya kafa doka: ba a fitar da tarakta daga reshenmu sai an je gonar mai saye an auna kunyarsa. Ya rubuta wa masu ƙera ta, suka turo mutanensu suka zaga gonaki, daga baya waɗanda ake kawo mana suka riƙa zuwa da tayoyi a matse tun daga can. Malam Barau da ƙannensa suka haɗu suka sayi ɗaya. Masu shanu da suka gaji da ɓarayi da kiwon rani suka fara tambaya. Ƙungiyoyin manoma a Dandume da Tsiga suka bi. Yau kayan gyaranta a kasuwa ake sayar da su kamar na babur, kuma ko tarakta ta wani kamfani ce, idan ƙarama ce, da sunan tamu ake kiranta. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da layi a bakin ƙofa, kuna tsammanin haka aka fara.

Bitrus bai rasa aikinsa ba. Shi ne shugaban direbobi yanzu, ku da kanku kun san hannunsa. Amma mutanen da suka tafi bayan azahar ba su ga an juya taya ba. Abin da suka kai gida shi ne direban kamfani ya zo a buge ya tattake gonar Malam Barau. Maganar ta kai cocinsu, sai da aka zaunar da shi aka tambaye shi. Bara waccan wani ya zo sayen tarakta daga wajen Mahuta, ina shara na ji yana ce wa Manaja a ba shi kowa ya koya wa ɗansa tuƙi ban da mai furfurar nan, don an ce yana sha. Na ajiye tsintsiya na ba shi labarin nan tun daga farko. Ya saurara, ya ce to, amma dai a ba shi wani.

Abin da na koya ke nan a sana'ar nan. Manomi ba ya duban girman ƙarfe ko kyan fenti, bayan tarakta yake dubawa ya ga abin da ta bari, kuma idan ta gyara zai yafe mata, har ya kira maƙwabcinsa. Kamfani na da rediyo da rumfa da gonakin da za su wanke shi kowace damina. Ma'aikaci ba shi da ko ɗaya. Saboda haka duk ranar da abu ya lalace a gaban jama'a, ku da kuke sama, ku duba ƙarfen tukuna kafin ku miƙa hannu ku karɓi makullin mutum. Taya da sifana ake juya ta, cikin yini ɗaya. Ta Bitrus har yau muna kan juyawa.